Yadda Ake Bin Sawun Asalin Kalmar Turanci: Mu Gwada da “Latteless”

Wata ɗaliba mai nazarin Turanci ce ta turo mini hoton wani rubutu da ta ci karo da shi a wayarta. Wata Ba'amurkiya ce take kukan cewa injin haɗa gahawarta ya lalace, ta wayi gari “latteless”. Ɗalibar ta ja jan layi a ƙarƙashin kalmar, ta ce: “Malam, na duba ƙamusun da ke wayata, babu ita. Ko dai latti take nufi?” Na ce mata a'a, matar tana cewa ne ta tashi ba ta sami gahawarta mai madara ba, na kuma ƙara da cewa tushen kalmar yana komawa har Latin da Larabci. Tun daga nan tambaya ɗaya ake ta yi mini, daga ɗalibai da malaman makaranta da masu fassara: ta yaya ake gano irin wannan? To ga yadda nake yi, daki-daki, da wannan kalma a matsayin abin gwaji. Wanda ya iya ta a kan kalma ɗaya zai iya ta a kan dubu.

Kayan aiki da abin da za su ci

Waya ko kwamfuta mai intanet, littafin rubutu, da biro. Kada ka raina littafin. Aikin nan yana da rassa, in ba ka rubuta abin da ka gani da inda ka gan shi ba, bayan minti ashirin za ka manta wane ƙamus ne ya ce me.

Ƙamus huɗu na Turanci nake buɗewa. Na farko Online Etymology Dictionary, wanda aka fi sani da Etymonline, na Douglas Harper. Kyauta ne, asalin kalmomi kawai ya sa a gaba, kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data. Na biyu Merriam-Webster, shi ma kyauta, yana ba da asali a taƙaice da shekarar da aka fara ganin kalma a rubuce. Na uku Wiktionary, wanda masu sa kai suke rubutawa. Ya fi kowa tara sababbin kalmomi, amma tunda kowa na iya sa hannu, sai an gwada maganarsa da ta wasu. Na huɗu shi ne babban, Oxford English Dictionary. An kammala bugunsa na farko a 1928, na biyu ya fito a 1989 cikin juzu'i 20, yanzu kuma yana intanet. Shi kaɗai ne na kuɗi a cikinsu: ana ganin ɗan taƙaitaccen bayani kyauta, amma cikakken tarihin kalma da misalanta sai an biya kuɗin shekara da dala ko fam. Kafin ka taɓa aljihunka, tambayi ɗakin karatun jami'arku ko suna da rajista.

Idan sawun ya fita daga Turanci, ana bukatar ƙamusun harshen da ya shiga. Na Larabci, ƙamusun Hans Wehr ko Lisanul Arab. Na Hausa, ƙamusun Bargery na 1934, wanda ke intanet kyauta, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Lokaci kuwa, kalma irin wannan za ta ci awa ɗaya zuwa biyu a karon farko.

1. Kwafi kalmar da jimlarta

Rubuta kalmar harafi da harafi yadda ka gan ta, da dukan jimlar da ta zo a ciki, da wanda ya rubuta, da ranar. A misalinmu akwai t biyu da e a tsakiya: l-a-t-t-e-l-e-s-s. Jimlar kuma tana maganar injin gahawa da safiya. Wannan kaɗai ya isa ya kore zancen latti.

Hattara: kuskuren farko shi ne gyara kalmar a zuci kafin a bincika ta. Ido ya saba da late da latter, sai ya karanta abin da ya saba gani. Harafi ɗaya in ya faɗi, ka kama hanyar wani gari.

2. Datsa ta gida-gida

Kalmomin Turanci masu tsawo galibi haɗe-haɗe ne: saiwa a tsakiya, wani lokaci da ɗafa-goshi a gaba, wani lokaci da ɗafa-ƙeya a baya. Nemi mahaɗar. A nan akwai latte, akwai -less. Ka san wannan ɗafi ko da ba ka taɓa tsayawa a kansa ba: homeless, jobless, sugarless, da cashless da duk ɗan Najeriya ya ji a jikinsa lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023. Aikinsa ɗaya ne, ya kama suna ya mayar da shi sifa mai ma'anar rashi. Daidai yake da maras da marasa a Hausa, sai dai namu yana zuwa a gaba, nasu a baya: maras gida, maras aiki, maras sukari.

Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibar ba ta sami kalmar a ƙamusunta ba. Mai jin Turanci yana iya liƙa -less a kusan kowane suna a take, kamar yadda ba ka bukatar izinin kowa kafin ka ce maras takalmi. Ƙamus ba zai iya lissafa su duka ba. Saboda haka in ka ga kalma irin wannan ba ta cikin ƙamus, ba ƙarya ba ce, sai ka nemi ɓangarorinta ɗaya bayan ɗaya.

Hattara: ba duk abin da ya ƙare da waɗannan haruffa huɗu ne ke ɗauke da ɗafin ba. Gwajin mai sauƙi ne. Cire -less, ka ga ko abin da ya rage kalma ce mai tsayawa da ƙafarta. A cire daga bless, sai b kaɗai, ka ga ba ɗafi ba ne. A cire daga unless, sai un, wanda ba suna ba ne. A cire daga latteless, sai latte, sunan abin sha. Datsawar ta yi daidai.

3. Koyi karanta gajerun alamomin ƙamus

Kafin ka shiga, san yaren da masu ƙamus suke yi a tsakaninsu, in ba haka ba za ka ga bayanin kamar laya. OE tsohon Turanci ne, wanda aka yi daga wajen shekara ta 450 zuwa wajen 1150. ME Turancin tsakiya, daga nan zuwa wajen 1500. L Latin, It Italiyanci, Gk Girkanci, ON tsohon harshen mutanen arewacin Turai. Ƙaramin c kafin shekara yana nufin wajen wannan lokaci. Alamar cf. tana cewa kwatanta da wannan, ba tana cewa daga nan ta fito ba. Mutane da yawa a nan suke zamewa.

Mafi muhimmanci shi ne ɗan tauraron da ake sa wa a gaban kalma. Duk inda ka gan shi, ba wanda ya taɓa samun wannan kalma a rubuce. Masana ne suka kwatanta harsuna 'yan'uwa suka hararo yadda kakarsu za ta kasance. Hasashe ne mai hujja, amma hasashe ne, kuma in za ka kwafa sai ka kwafa da tauraronsa.

4. Fara da ɗafin

Na fi son a gama da ƙaramin ɓangare tukuna. A Etymonline ko Wiktionary, rubuta -less da karan a gabansa. In ka manta karan, wata kalma daban za a kawo maka. Za ka ga ɗafin ya fito daga tsohon Turanci -leas, kuma a wancan zamani leas kalma ce mai zaman kanta, ma'anarta wanda ya rabu da abu, wanda ba shi da shi. 'Yar'uwarta a Jamusanci ita ce -los, kamar a arbeitslos, maras aiki. A harshen Holan -loos. Kalmar loose, sako-sako, danginsu ɗaya, ta shigo Turanci daga tsohon harshen arewacin Turai.

Hattara, kuma wannan shi ne tarkon da ya fi kama har malamai: ɗafin -less ba shi ne kalmar less mai nufin ƙasa da ko kaɗan ba. Waccan daga læs ta fito, wata saiwa daban. Tsawon zamani ne ya goge su har rubutunsu ya zama ɗaya. Bambancin yana da tasiri a fassara. Shayin da aka ce sugarless ba mai ƙarancin sukari ba ne, babu sukarin ne gaba ɗaya. Matar nan ma ba ƙaramin kofi ta sha ba, ko ɗigo ba ta samu ba.

5. Bi saiwar baya, tsani ɗaya bayan ɗaya

Yanzu nemi latte. Ƙamus zai ce maka daga Italiyanci take, kuma a can ma'anarta madara, ba gahawa ba. Cikakken sunan abin shan shi ne caffè latte, gahawa da madara: gahawa mai kauri da injin ya tatso da ƙarfin matsi, a zuba mata madara mai zafi da aka turara, da ɗan kumfa a sama. Masu jin Turanci sun san wannan suna tun ƙarni na 19 ta bakin matafiyan da suka je Italiya. Yanke shi zuwa latte kawai ya bazu ne a Amurka a shekarun 1980, lokacin da shagunan gahawa irin na birnin Siyatil suka yi tashe. Suka yar da rabin da ke nufin gahawa, suka riƙe rabin da ke nufin madara, suka ci gaba da kiran gahawar da shi. Har gobe wanda ya shiga shago a Roma ya ce a ba shi latte, yana iya ganin an ajiye masa kofin madara fara sol.

Rubuta wannan tsani, sannan ka tambaya: Italiyanci daga ina ya samo? Daga Latin, inda madara take lac, kuma idan kalmar ta sauya siga a jimla sai saiwarta ta fito a matsayin lact-. Ita ce a cikin lactose, sukarin da ke cikin madara, da lactation, shayarwa.

A nan ne ake bambanta mai bincike da mai shaci-faɗi, don haka zan ɗan dakata. Me ya sa za ka yarda cewa lact- ta zama latte? Don sun yi kama? A'a. Don sauyin yana bin ƙa'ida, kuma kana iya gwada ƙa'idar da kanka. Duk inda Latin ke da ct tsakanin wasula biyu, Italiyanci yana mayar da shi tt. Dare a Latin noct-, a Italiyanci notte. Takwas octo, ya koma otto. Abin da aka aikata factum, ya koma fatto. Ɗauki waɗannan kalmomi huɗu ka kai su Faransanci, 'yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi sun san su sarai: lait, nuit, huit, fait. Kai su Sifaniyanci: leche, noche, ocho, hecho. Kowane harshe ya lanƙwasa ct ta hanyarsa, kuma bai sauya hanyar ba daga kalma zuwa kalma. Ranar da na fara jera waɗannan a kan allo, aji ya yi tsit, sai wani yaro a baya ya ce ashe lait ɗin da ke jikin gwangwanin madarar da ake shigowa da ita daga Maraɗi ita ce latte ɗin. Ita ce kuwa. Shi ya sa café au lait da caffè latte magana ɗaya suke yi a harshe biyu.

Hattara: Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Latti ɗinmu daga late ta Turanci muka aro, ita kuma daga tsohon Turanci læt, mai nawa. Ba ta haɗa komai da madara ba. Kafin ka ce kalmomi biyu dangi ne, nemo aƙalla wasu biyu ko uku da suka yi irin wannan sauyi tsakanin harsunan nan. In ba ka samu ba, bar ta a matsayin kamanni.

6. Nemo kalmar da aka yar a hanya

Da yawa za su tsaya a mataki na 5 su ce an gama. Ba a gama ba. Tunda latte guntuwar caffè latte ce, ma'anar gahawa da take ɗauke da ita yau daga rabin da aka yanke ta gaje ta. Duk lokacin da ƙamus ya ce maka kalma gajeruwar wata ce, koma ka bi abin da aka yanke.

Caffè ta Italiyanci daga kahve ta Turkanci take, ta zamanin Daular Usmaniyya. Kahve kuma daga qahwa ta Larabci. Kalmar coffee ta bayyana a Turanci a ƙarshen ƙarni na 16. A nan za ka ga ƙamus sun ɗan saɓa: wasu sun ce ta shigo ta harshen Holan, koffie, wasu sun fi ba da ƙarfi ga Italiyanci da Turkanci kai tsaye. Kada ka zaɓi wanda ya fi maka daɗi ka ɓoye ɗayan. Rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa. Abin da suka haɗu a kai, wato Turkanci da Larabci, shi ne za ka faɗa da ƙarfin gwiwa.

Yanzu buɗe Lisanul Arab a kan qahwa. Za ka yi mamaki, don ba za ka ga abin sha na safe ba. Ibn Manzur, marubucin ƙamusun, ya kawo kalmar a matsayin ɗaya daga cikin sunayen giya, ya ce an kira ta haka ne don tana ɗauke wa mai shanta sha'awar abinci. Dubi shekara sai ka gane dalili: ya rasu a 1311, shan gahawa kuwa sai a ƙarni na 15 ya bayyana a Yaman, a wurin Sufaye masu neman abin da zai hana su barci a zikirin dare. Tsohon suna ne aka ɗora wa sabon abin sha. Darasin da ke nan shi ne, kullum ka san shekarar ƙamusun da kake karantawa.

Hattara: tsohuwar ma'anar kalma ba ta hukunci a kan ma'anarta ta yau. Na taɓa jin wanda ya tsinci wannan bayani ya fara cewa ashe masu shan gahawa giya suke sha. Wannan ba bincike ba ne, ɓarna ce. Asali yana gaya maka inda kalma ta fito, mutanen da ke amfani da ita yanzu su ke gaya maka abin da take nufi.

Za ka kuma ci karo da masu cewa coffee daga Kaffa take, wani yanki a kudu maso yammacin Habasha inda itacen ke fitowa a daji. Labarin yana da daɗin ji, kuma gaskiya ne asalin itacen daga wannan sashe yake. Amma Habashawa da kansu buna suke ce wa gahawa, Larabawa kuma bunn suke ce wa 'ya'yan itacen. Manyan ƙamus suna kawo zancen Kaffa ne a matsayin ra'ayin da ake jayayya a kansa. Haka kai ma za ka kawo shi.

A wannan gaɓa ce Bahaushe yake da abin da Bature ba shi da shi, domin kalmar tana bakinmu tun tuni: gahawa. Dubi baƙin farko da kyau. Kalmomin da muka aro daga Larabcin littafi, ta hannun malamai, harafin ƙaf yakan zama ƙ a cikinsu: alƙalami, alƙali, ƙamus. Da ta wannan ƙofa ta shigo, da ƙahawa muke cewa. Amma Larabawan Sudan da Chadi da Shuwa da mazauna sahara g suke furta wannan harafi, gahwa suke cewa. Wannan g ɗin alama ce mai ƙarfi cewa daga bakin fatake da matafiya muka ji ta, ba daga allo ba. Sai kuma kalmar ta sake zagayowa ta Turai ta dawo mana a matsayin kofi a Najeriya da kafe a Nijar, ta zauna a teburin mai shayi cikin gwangwanin Nescafé. Gahawa da kofi kalma ɗaya ce da ta shigo gida ta ƙofa biyu, ƙarnuka a tsakani.

Hattara kuma: kofi na zuba ruwa daga cup muka aro shi, ba shi da alaƙa da kofi na sha, duk da cewa ɗaya a cikin ɗaya ake zuba su. Sunan Kofi da Akan na Ghana ke raɗa wa namijin da aka haifa ranar Juma'a shi ma hanyarsa daban.

7. Sa wa kowane tsani shekara

Asali ba tare da shekara ba rabin aiki ne. Merriam-Webster yana da wurin da yake nuna shekarar farko da aka san kalma a rubuce, Oxford kuma yana jera jimlolin da kansu daga mafi tsufa. Ga kalmar da ba ta shiga waɗannan ba, irin tamu, sai ka yi farautar da kanka. Shiga Google Books, rubuta kalmar tsakanin alamun zance don a kawo ta ita kaɗai, sannan ka taƙaita shekaru kana ja baya har ta ɓace. Akwai kuma Google Ngram Viewer, wanda aka buɗe a 2010, yana zana maka layin yawan fitowar kalma a littattafai shekara bayan shekara. Gwada latte a can daga 1950 zuwa yau, za ka ga layin kwance, sai ya miƙe sama a ƙarshen ƙarni na 20.

Yi amfani da hankali ma. Ɗa ba ya girmi uwarsa. Latteless ba za ta riga latte shiga Turanci ba, saboda haka ba za ta wuce shekarun 1980 a tsufa ba. Coffeeless tana da damar ta fi ta tsufa nesa ba kusa ba, don uwarta ta shekara sama da 400 a harshen.

Hattara da abu uku a nan. Ngram ba ya nuna kalmar da ba ta fito a littattafai aƙalla 40 ba, don haka in ya ce bai gan ta ba, ba yana nufin babu ita ba. Na biyu, inji ne ya karanta tsofaffin littattafan, yakan ɗauki latter da tawada ta cinye ya ce latte ce, ko ya kawo maka shafin Italiyanci a cikin littafin Turanci. Buɗe shafin ka gani da idonka. Na uku, mujallu sau da yawa ana sa musu shekarar da aka fara buga su, ba shekarar fitowar da kalmar take ciki ba. Kuma duk shekarar da ka samu, ta fara rubutawa ce. Baki yakan riga alƙalami.

8. Raba ta da maƙwabtanta

Kafin ka rufe littafi, duba kalmomin da ake iya rikita ta da su. Babbar ita ce decaffeinated, wadda ake gajarcewa decaf. Ita gahawar tana nan, sinadarin da ke hana barci ne aka cire, wato kafin, wanda yake cikin goro ma. Datsa ta kamar yadda ka koya: de- ɗafa-goshi ne daga Latin mai nufin cirewa, caffeine kuma an gina ta a kan sunan gahawa bayan wani Bajamushe, Friedlieb Ferdinand Runge, ya ware sinadarin a 1819. Ludwig Roselius na birnin Bremen shi ya fara sayar da irin wannan gahawa a kasuwa, da kamfanin Kaffee HAG da ya kafa a 1906. Ka ga mai shan decaf yana da kofi a hannu, mai latteless hannunsa wayam.

In kana son ƙarin atisaye, ga 'yan'uwan latte a jerin abin sha. Espresso, wadda aka matso. Macchiato, wadda aka ɗiga wa tabo. Mocha, daga tashar jiragen ruwa ta Mokha a Yaman. Cappuccino, daga launin rigar wasu limaman Katolika da ake kira Kafucin. Kowacce za ta karɓi -less yadda latte ta karɓa.

Hattara da asalin kalmomin da ke yawo a WhatsApp da Facebook, musamman masu cewa wata tsohuwar kalma haruffan farko ne na wata jimla. Irin wannan ƙirƙira ba ta yawaita a Turanci ba sai ƙarni na 20, don haka in an ce maka kalmar da ta shekara ɗaruruwa haka aka yi ta, ka yi shakka. Manhajojin hira masu basirar kwamfuta ma suna iya ba ka amsa mai santsi da shekarar da ba ta da tushe. Ka tambaye su in ka ga dama, amma kada ka rubuta komai sai ka gan shi a ƙamus biyu da ba su kwafi juna ba.

9. Rubuta sakamakon

Fara daga yau ka koma baya. Kowane tsani ka ambaci harshe, da sigar kalmar, da ma'anarta a can. Abin da kowa ya yarda da shi ka faɗa kai tsaye, abin da ake jayayya ka ce ana jayayya. A littafinka na aiki ka bar sunan ƙamus da ranar da ka duba kusa da kowane layi, domin na intanet suna sauya bayani. Sannan ka nemo mata Hausa. Tunda sifa ce, maras ko marar ko marasa za su ɗauka, amma a jimla rashin ko babu ko ba tare da sun fi zama daram. Ba za ka ce ta wayi gari marar gahawa ba, za ka ce ta wayi gari babu gahawarta mai madara.

Ga yadda na rubuta wa ɗalibar nan nata:

Latteless, sifa ce a Turancin zamani, ma'anarta wanda ba shi da latte ko bai sami sha ba. An gina ta daga latte da ɗafa-ƙeyar -less. Latte guntuwar caffè latte ce ta Italiyanci, gahawa da madara, kuma gajeruwar ta bazu a Amurka a shekarun 1980. Latte a Italiyanci madara ce, daga lac, lact- ta Latin. Caffè daga kahve ta Turkanci, daga qahwa ta Larabci, wadda ita ce ta ba Hausa gahawa. Danganta ta da yankin Kaffa na Habasha ra'ayi ne da ake jayayya a kansa. Ɗafin -less daga -leas na tsohon Turanci, maras, kuma ba shi da alaƙa da less mai nufin kaɗan, kamar yadda latte ba ta da alaƙa da late ko latti.